Ni Na Gauraya Irin Alkamar, Ƙanin Mijina Ya Ɗauki Laifin

Anti, don Allah ki taimaka mini, sati uku suka rage a yi shuka, ni kuma na rasa inda zan sa kaina.

Maigidana manomin alkama ne, amma ba farar nan da kowa ya sani ba. Tasa ja ce mai duhu, har ta kusa yin baƙi. Irin mahaifiyarsa ne, Allah Ya jiƙanta, ita ta riƙa ware shi duk shekara har ta rasu. Ba ta cika buhu kamar ta zamani, amma akwai wani gidan burodi da ke sayenta saboda sinadaran nan da ake cewa suna kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. Duk shekara sai sun kai ta ɗakin gwaji, kuma kullum tamu ce a gaba. Yadda yake ji da irin nan, wani lokaci har tsokanarsa nake yi, in ce ko ni da yara sai mun koma alkama zai kula mu.

Bara ya yi tafiya, na sauke buhun irin daga kan katakonsa a sito don in sami wurin ajiye keken ɗinkina. Ashe kwanon rufin wajen yana yoyo. Kafin in ankara rabin buhun ya yi fumfuna. Tsoro ya kama ni, na shiga kasuwa na sayo jar alkama mai kama da ita, na cike. Da ma ni ke shafa wa iri hodar maganin ƙwari kafin shuka, hodar kuwa ja ce, sai ta rufe komai. Na ce ai alkama alkama ce.

A shekarar ne kuma ƙaninsa ya ba shi shawara ya ƙara takin zamani da ban ruwa. Gona ta yi kyau, ƙwaya ta yi ɓul-ɓul, sai dai launinta ya koɗe. Da aka gwada, sinadaran sun ragu sosai, masu burodi suka ce in ta sake zuwa haka bana sun haƙura da mu.

Anti, maigida bai ko yi tunanin iri ba, kan ƙaninsa ya sauke komai. Ya ce shi ya lalata abin da uwarsu ta bari. Mutanen da ko shayi ba sa sha sai tare, yau wata biyar ko gaisawa ba sa yi. Bawan Allah nan ya zo ba da haƙuri sau biyu, ni na buɗe masa ƙofa, na kasa kallon idonsa. Matarsa ta daina turo 'ya'yanta gidanmu.

Yanzu ga shi maigida ya ware iri daga wannan gaurayayyar, yana ta murna wai bana takin dabbobi kawai zai sa, komai zai dawo daidai. Sau nawa ina buɗe baki in faɗa, sai in ji na ce abinci ya sauka. In na yi shiru, irin alkamar Inna, surukata, ya tafi ke nan, in na yi magana ban san da wane ido zai dube ni ba. Wallahi na tsani kaina.

Mai Keken Ɗinki

AMSA

Ƙanwata, share hawayenki, akwai aiki a gabanki.

Na kai tambayarki wajen wata masaniyar aikin gona. Ta ce waɗannan sinadarai galibinsu a fatar ƙwayar suke, wato dusar da ake tankaɗewa, kuma launin nan mai duhu yana daga cikinsu. Irin da aka shuka yana da babban tasiri, haka ma ƙasa, yanayin shekara, taki da ruwa. Ƙwaya in ta yi ƙiba, gari ne ke ƙaruwa fiye da fata. Saboda haka shawarar ƙanin mijinki tana iya taɓa sakamakon, amma ba wanda zai iya raba laifin daga gwaji ɗaya, kuma takin dabbobi ba zai mayar da alkamar kasuwa ta zama ta Inna ba.

Ga labari mai daɗi: alkama ba ta cika haɗa jini da maƙwabciyarta a gona ba. Irin surukarki yana nan cikin buhun, tsincewa yake so. A baza a faifai da rana, a ware masu duhu, a shuka su a fili daban, a sake tacewa lokacin girbi. Wataƙila ku rasa masu burodi na shekara guda, wannan kam ba zan ɓoye miki ba. Amma aikin ba ya yiwuwa a ɓoye, kuma in kika sake shafa jar hodar nan, zance ya ƙare.

Yoyon kwano tsautsayi ne, ba a kama ki da shi. Shirun wata biyar kuwa naki ne. Maigidanki ma ya yi gaggawar yanke wa ɗan'uwansa hukunci, sai dai da abin da kika bar shi ya sani ya yanke.

Ki gaya masa yau, ba kwana-kwana, ba kuka kafin magana. Zai yi fushi, ki bar shi ya yi, hakkinsa ne. Sannan ki roƙe shi abu ɗaya: ku je gidan ƙaninsa tare, ki maimaita a gabansa da bakinki. Shi ya sha zafin abin da bai aikata ba, bai kamata ya ji wankewarsa a bakin wani ba.

Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, Ya sassauta zuciyar maigida, Ya haɗa kan 'yan'uwan nan kafin shuka.