Ƙafar Akawal da Simintin Gida

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jiki, yaya iyali, yaya zaman Fatakwal? Mu nan Makera lafiya lau.

Sai dai Akawal, dokin marigayi Baba da ka bar mini amana, yana ɗingishi, gwiwarsa ta baya ta kumbura. Likitan dabbobi ya duba ya ce, "Alhaji, wa ya ɗaure tsohon doki a kan siminti?" Ni ne, Yaya, na shafe bargarsa da siminti garin burge maƙwabta. Har wani ya zo taya shi don yanka, na nuna masa ƙofa. Jiya na fasa simintin, na zuba yashin kogi. Yau ya ɗan taka ƙafar.

A sa shi a addu'a. Gai da Hajiya da yara.

Ƙaninka,
Bala