Ruwan Duro da Babur ɗin Bitrus

Laraba da dare, tsakiyar rani, 2003

Har yanzu raina tafasa yake. Kwana huɗu ina jidon ruwa daga rijiyar maƙwabta kafin na cika duro biyu, don famfo ya ƙafe, ga raɗe-raɗin dokar hana fita. Na je Sabon Gari sayo wake da kananzir, na dawo na tarar Bitrus, ƙanin maigidana, ya ƙarar da duro guda a wankin babur.

Wai, "Matarmu, kin cika tsoro."

Wancan karon da aka rufe gari, ruwan kududdufi na tace wa yarana, shi yana Legas. Maigidan ma dariya ya yi. Na jibge wa Bitrus jarkoki a ƙofar ɗakinsa. Ba zai ga tuwona ba sai duro ya cika.