Hannun Mu'azzam Bai Mutu Ba

Al-Sih, Madina
Watan Rajab

Zuwa ga Yaya Zulaiha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da 'yata Khalida da dukan mutanen Damagaram. Mu nan alhamdu lillahi. Inna tana gaishe ki. Ƙafar ce dai har yanzu, sai a keken marasa lafiya muke tura ta Harami.

Na san Yaya Bature ya riga ni kai ƙara, shi ya sa na ɗauki biro, don in waya ce ba za ki bari in kai aya ba. Ya ce miki na dawo da mataccen hannu, ko? Jijiyar gwiwar hannu ce ta tsinke a Taiwan, likitoci suka ɗinke, ƙungiya ta sallame ni. An sallame ni a Amurka, an sallame ni a Meziko, har Italiya an yi, kuma ga ni ina cin tuwo.

Abin da ya fi ciwon ci mini rai shi ne har yau a gidanmu ba wanda ya san aikina. Tun muna Zahran, Baba yana tuƙi a kamfanin mai, kuka ɗauka bin 'ya'yan Turawa kawai nake yi zuwa filin besbol. Bature ya kalli wasana sau ɗaya, ya gan ni zaune a benci har an kusa tashi, tun daga ranar yake kirana safaya. To bari in faɗa miki. A wasan nan mutum ɗaya ke jefa ƙwallo, abokan hamayya suna zuwa bi da bi su doke ta da sanda. Akwai mai fara jifa, shi ake ɗauka hoto. In ya gaji ya dagula lamari, saura duka ɗaya a cinye mu, sai a ce Mu'azzam ya shigo. Ba a nemana sai tukunya ta fara ƙauri. Aikin nan nake so, Yaya, kuma na iya shi.

Ga matsalar. Aminin Baba da ya riƙe mini iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, duk shekarun nan ya rufe shagonsa, takardar kuma ta kusa ƙarewa. Bature ya samo mini gadi a wani otal a Anbariyya, mai otal ɗin zai zama kafilina, ya tsaya mini a wurin hukuma in zauna. In na ƙi, na fita ke nan. Kin san halinmu: a garin nan aka binne cibiyarmu, amma takarda ce ke riƙe da mu. Ban ba shi amsa ba tukuna.

Ki gaida kowa.
Ƙaninki,
Mu'azzam

Khaibar
Bayan ƙaramar Salla

Yaya Zulaiha,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya aka ji da azumi? Allah ya maimaita mana. Amsarki ta iso, na karanta har inda kika ce in ji tsoron Allah, na doshi arba'in, in zauna kusa da Inna. Na ji zafi, amma ban yi fushi ba.

Ina gonar dabino inda abokina Mahmudu yake aiki. Na rataye tsohuwar katifa a tsakanin itatuwa biyu, ita nake jifa safe da yamma. Ma'aikatan gonar sun ɗauka aljanu ne suka shafe ni, har wani ɗan Cadi ya kawo mini rubutu. Na sha, don ƙishirwa nake ji.

Ba zan ɓoye miki ba, ƙarfin da na sani ya tafi. Na ɗauki bidiyon jifata na aika wa wakilina mai nema mini ƙungiya, ya ce ƙwallon nan ko tsohuwa za ta doke ta, in nemi sana'a. Ranar ban ci abinci ba. Da gari ya waye na ce to, in sama ta ƙi, akwai ƙasa. Na daina ɗaga hannu bisa kai. Yanzu sunkuyawa nake kamar mai shara, in sako ƙwallon daga wajen gwiwa, ta taso wa mai sanda ta inda bai saba gani ba. Kwanakin farko dabino na yi ta kaɗowa, Mahmudu yana salati yana kallon hanya kar mai gona ya zo. Yau kuwa inda na nufa nan take sauka, hannun ma ya daina kumburi.

Bature ya zo har nan da jallabiyar gadi a leda, wai a gwada mini. Ya tsaya ya kalle ni ina sunkuyo, ya ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Na ce na sani, amma zaɓar inda zai faɗo ita ce sana'ata. Ya tafi da ledarsa bai yi mini sallama ba.

Ki sa ni a addu'a ko da ranki bai so.
Naki,
Mu'azzam

Al-Sih, Madina
Watan Zulƙida

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, zazzaɓin Khalida kuma ya sauka.

Wata ƙaramar ƙungiya a Meziko ta ga sabuwar jifar, ta ce in zo gwaji. Gwaji ne kawai, ba alkawari. Na karɓa. An buga mini fita ta dindindin, wadda ake ce wa huruj niha'i. Daga yanzu in zan shigo garin da aka haife ni, sai da bizar umara kamar kowane baƙo. Bature ya ce na sayar da Madina a kan ƙwallo. Madina tana raina, Allah shaida, amma ba zan tsaya ƙofar otal ina buɗe wa mutane mota da hannun da bai gama aikinsa ba.

Inna na ji tsoro. Jiya bayan la'asar na tura ta Harami, a hanyar dawowa na faɗa mata komai. Muka ci gaba da tafiya har muka wuce bangon maƙabartar Baƙi'a inda Baba yake kwance. Sai ta sa na tsayar da keken. Ta ce ita ba ta taɓa gane wasan nan ba, kuma ba za ta ce ta ji daɗi ba, amma ba ta haifi ɗan da zai zauna gabanta yana haɗiyar baƙin ciki ba. Ta ce in labarinta ya same ni ina fili, kada in jefar da ƙwallo in ruga filin jirgi, don a Madina ba a jiran kowa, kafin in sami biza an gama. In ƙarasa jifata tukuna, sannan in yi mata salla daga can.

Na tura ta har gida ban ga hanya sosai ba. Jibi zan tashi, Yaya. Ki riƙa kiran ta kullum.

Ƙaninki mai taurin kai,
Mu'azzam