Na Sauke Sunan Maisara

Zuwa ga ƴar'uwata Saratu, a Tawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya jikin Inna mahaifiyarki? Ni ce Maimuna, daga Yamai. Na san kina ganin kirana kina ƙyalewa, ban kuma ga laifinki ba. Shi ya sa na kawo wasiƙar nan shafin labarai da muka buɗe tare a intanet, a gaban kowa. Ki yi haƙuri, ƙofar da ta rage mini ke nan.

Wani mai buga littattafai a unguwar Bukoki ya yarda zai haɗa labaraina wuri guda. An gama komai, saura bango. Sati uku ya yi yana tambayar sunan marubuciyar da za a sa, ni kuma kullum sai in ce masa gobe. Shi sunan Maisara yake so, don shi jama'a suka sani. Na cika shafi biyu na kaye, littafin rubutuna, da wasu sunayen, Ƴar Maraɗi, Uwar Amira, har da waɗanda ke ba ni kunya. Duk wanda na rubuta, kafin la'asar na soke shi. Na gaji, Saratu.

Kin tuna ranar da muka raɗa shi? Muna shekara ta biyu a jami'a, a ɗakinmu na Lamorde, zafi ya hana karatu, ga kwanon kopto, kwaɗon ganye, a tsakaninmu. Ni ina tsoron Baba ya ga sunansa a ƙarƙashin labarin soyayya, ke kina tsoron yayyenki. Sai kika yanko Mai daga Maimuna, Sara daga Saratu, kika haɗa. Kika ce, "In an yaba namu ne, in an zaga mu raba." Muka yi ta dariya har maƙwabta suka buga mana bango.

Da zagin ya zo, ba mu raba ba.

Bayan kin dawo daga hutu, wata ranar Lahadi muka tafi Gamkalle sayen latas. Muna zaune a bakin lambu kika ba ni labarin ciwon mahaifinki, wanda gidanku ke ɓoyewa har ana ce wa baƙi ya yi tafiya. Ba zan maimaita shi a nan ba, sau ɗayan da na yi ya isa. Kina kuka kika ce ni kaɗai kika faɗa wa. Ina riƙe da hannunki, amma wallahi tun a wurin zuciyata ta fara jera jimloli.

Wata biyu bayan haka, kina can ƙauye wajen koyon koyarwa, na rubuta shi. Na canza sunaye, na canza gari, na ce babu mai ganewa. Amma na bar koriyar ƙofar gidanku da bishiyar da ke bakinta, don na ga sun ƙara wa labarin kyau. Na saka shi da sunan Maisara ba tare da na nuna miki ba. Ba mu taɓa samun masu karatu kamar na wannan labarin ba, kuma na ji daɗi. Wannan ma yau na faɗe shi.

A Tawa an san ke ce Maisara, ni babu wanda ya san da ni. Babban yayanku ya karanta wa Inna shi daga farko har ƙarshe. A wannan shekarar mahaifinki ya rasu. Daga baya na ji cewa a zaman makoki gwaggonninki sun ƙi amsa gaisuwarki, Inna kuma ta ce ƴar da ta kai asirin ubanta kasuwa ba ta da wurin zama kusa da ita. Kalma ɗaya za ki faɗa ki fita, sunana. Ba ki faɗa ba. Kika dawo Yamai kika tattara kayanki, a bakin ƙofa kika ce, "Ki riƙe sunan, ni na ƙoshi."

Na kuwa riƙe, shekara bakwai. In tashi daga aiki a biro, in sha jiran taksi, in zo gida in zauna ina amsa saƙonnin masu ce mini Anti Maisara. Ina gaya wa kaina saboda masu karatu ne. Ƙarya nake. Inuwa ce na samu, kina tsaye a rana kina tare mini.

Jiya na je Bukoki na ce a sa sunana na yanka da na mahaifina. Mutumin ya ce littafin zai kwana a shago, na ce ya kwana. Na kira Baba a Maraɗi na faɗa masa komai. Ya ce, "Ki sa. Amma daga yau kada ki rubuta abin da ba za ki iya tsayawa a kansa ba." Wancan labarin na cire shi daga shafin, ba ya kuma cikin littafin.

To, masu leƙen wasiƙar nan su zama shaida: ni kaɗai na rubuta shi. Ba ki sa harafi ɗaya ba, ba ki ma gan shi ba sai da duniya ta gani. Amana kika ba ni na ci.

Sarai tawa, ban ce ki kira ni ba, ban ce mu koma kamar da ba. Abu ɗaya nake roƙo, ki bari maganar nan ta kai kunnen Inna. An ce tsufa ya kama ta sosai. In har akwai fushin da za ta tafi da shi, ya zama nawa ne, kada ya zama na ƴarta.

Allah Ya jiƙan mahaifinki, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya ba Inna lafiya, Ya sanyaya zuciyarta a kanki tun tana da rai. Ya saka miki da alheri a kan shirun da kika yi, ni kuma Ya yafe mini. Amin.

Taki, ko kin amsa ko ba ki amsa ba,
Maimuna Abdu
Yamai