Sati Shidan da Ka Ce

Zuwa ga Yaya Bashir,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga yayanta, da fatan kana lafiya, kai da aikinka da duk mai kula da cinka da shanka a ƙasar da kake. Wasiƙu huɗu na aika ta adireshin da abokinka na Zariya ya ba ni, ban ga amsa ba. Wannan ta biyar na ba mujalla ta buga, don ko ba ta iso ka ba, ta iso Gumel. A Gumel aka ɓata maka suna, a can ya kamata a ji abin da na ɓoye.

Ba zan fara da ban haƙuri ba. Zan fara da abin da na riƙe ka da shi, domin shekara uku ke nan ina jin daɗin riƙonsa.

Ka tuna bazarar da ƙyanda ta shiga gidaje. Na baro Sule Tankarkar da 'yata Ummi, tana da shekara biyu, jikinta kamar garwashi, na zo jinya gidan Inna a Gumel saboda maigidana yana hanyar Damagaram da mota. Kai kuma ka zo daga Zariya da akwatin ƙanƙara da ƙananan kwalabe, kana bin yara masu ƙyanda kana ɗibar jininsu don bincikenka. Ka ɗebi na Ummi. Da ka zo liƙa takarda a jikin kwalbar, ba sunanta ka rubuta ba, lamba ka rubuta. Goma sha bakwai. Yarinyar da ta ci sunan mahaifiyarmu, wadda kai ka fara koya mata tafa hannu. Na tsane ka a ranar, kuma daga baya na yi amfani da tsanar.

Amma kafin nan ka nuna min abin da ban taɓa gani ba. Ka kai ni ɗakin gwajin jini na asibiti, Sista Rahila, ma'aikaciyar jinyar da ke taya ka aiki, ta gyara min madubin nan naku mai ƙara girman abu. Na ga ɗigon jinin 'yata ya zama fili guda, jajaye birjik, farare jefi-jefi. Ka ce fararen su ne masu gadin jiki, duk inda cuta ta shiga sai su ratsa jijiya su tafi can. Ka ce ƙwayar ƙyanda muguwa ce, cikin masu gadin take shiga, su yi ta yawo da ita, daga nan sai a neme su a cikin jini a ga sun ragu ƙwarai. Ka ce: "Abin da nake nema ke nan, Hadiza. Ina suke zuwa, kuma yaushe suke dawowa."

Ka san abin da na ji? Labari. Ina tsaye ina ƙaga wata baƙuwa kyakkyawa da ta shigo gari ta janye samari suka bi ta. Har suna na sa mata. Kana yi min bayanin ran 'yata, ni ina tunanin yadda za a buɗe babi na farko.

Ka lura ba na tare da kai. Shi ya sa ranar da za ka koma Zariya da kwalabenka ka karɓe littafin da ke hannuna, kashi na biyu na wani labarin soyayya da na aro, ka juya bangon baya ka yi rubutu da jan biro. Ka ce tunda nan ne kaɗai nake kallo, nan za ka sa. Har yau ina iya karanto shi da ka: Ko ƙurajen sun bushe ba ta warke ba. Sati shida kada ta shiga taro. In ta yi tari, a kai ta wurin Sista a ranar.

Ba ka gaya wa Inna ba. Tun da ka soka wa jikarta allura ta daina amsa gaisuwarka, domin a wurinta ba a kusantar mai ƙyanda da ƙarfe, yana mayar da cutar ciki. Ni da na yi makaranta ka bar wa amanar.

Kwana goma da tafiyarka fatar Ummi ta saɓe, Inna ta dafa ganye ta yi mata wankan warkewa, maƙwabta suka shigo barka. A unguwarmu in an yi wannan wankan magana ta ƙare. Sai ga saƙon suna daga Maigatari, gidan wata ƙawata, kuma ita ke da kashi na uku na littafin. An bar ni a inda saurayin ya hau jirgi bai san yarinyar tana asibiti ba. Na ce wa Inna zumunci ne. Ta ce in tafi, iska ma za ta yi wa yarinyar amfani.

Ranar Alhamis ce, ranar kasuwa. Motar ta cika har ƙofa ba ta rufuwa, wani tsoho yana tari a kan kafaɗata tun daga tasha. A gidan sunan mata sun fi ƙarfin ɗakin, kowacce ta karɓi Ummi ta juya ta tana yaba yadda ta tsallake. Na miƙa kashi na biyu da rubutunka a bayansa, na karɓi na uku.

Ranar Lahadi ta fara tari.

A nan ne nake so masu karatu su rage sauri. Ban kai ta asibiti ba. Na san Sista za ta tambayi inda muka je, na san za ta gaya maka, kuma ba na son irin kallon da kake yi min in na yi wauta. Na ba ta zuma. Na ba ta ruwan ɗumi. Kwana uku tana kwance a cinyata haƙarƙarinta na shiga yana fita, ni kuma littafin yana buɗe a gefen tabarma. Na gama shi, Yaya. Saurayin ya dawo, kowa ya yafe wa kowa. Ranar Laraba da na ɗauke ta zuwa asibiti leɓenta ya riga ya canza launi. Sista ta karɓe ta da gudu, ta ce limoniya ce, ciwon huhu. Ummi ba ta kai la'asar ba.

Ka iso ranar sadakar uku. Kafin ka zo mata sun gama shari'a a tsakar gida: an zuƙe wa yarinya jini tana tsakar ƙyanda, me ake jira? Wata ta ce a Turai ake sayar da shi. Da ka durƙusa gaban Inna, ba kai ta kalla ba, ni ta kalla, ta ce in faɗa a gaban mutane sau nawa ka ɗebi jinin. Na ce sau uku. Gaskiya ce. Daga nan na rufe bakina.

Inna ta ce: "Ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Ka ɗago ka dube ni. Kalma ɗaya za ka faɗa, ka tambayi ina littafin, shi ke nan na ƙare. Na ga tambayar ta zo bakinka. Ka dubi ɗan zanen Ummi da nake murzawa a hannu, ka haɗiye ta, ka tashi ka sa takalminka. Ba ka ƙara taka Gumel ba. Iyaye suka daina kai yara wurin Sista Rahila, har ta nemi canji ta koma garinsu. Ita ma ta san ranar da aka kawo yarinyar da yadda aka kawo ta, ba ta ce komai ba.

Na zauna cikin wannan rufin asiri ina ƙiba. Ana nuna ni ana cewa ga wadda ɗan'uwanta ya cuta. In an zage ka a gabana sai in sunkuyar da kai, a ce kawaici ne. Wani lokaci har na yarda. In na tuna goma sha bakwai ɗin nan sai in ji ai da ma kai ne.

Bana Inna ta faɗi sau biyu, hawan jini, idonta ma ya yi rauni. Bayan ƙaramar sallah na same ta tana tsintar wake a faifai da lalube, na zauna na faɗa mata komai, tun daga jan biro har zuwa ranar Laraba. Ban rage ko ɗaya ba. Ta saurara har ƙarshe ba ta daina tsinta ba. Sannan ta ce: "Karatun littattafan nan ya lalata ki, Hadiza. Har kin iya tsara labari don ki wanke ɗan'uwanki." Ta ce in miƙo mata murfin tukunya.

Na bi sawun littafin. Daga Maigatari ya koma hannun wata amarya, daga ita zuwa ƙanwar mijinta, har na same shi a Gagarawa Tasha, ya yi laushi kamar tsumma. Bangon baya babu. Matar gidan ta ce ta yage ta kunna risho.

Don haka ina roƙon duk macen da littafin nan ya bi ta hannunta ta ga jan rubutu a bayansa, ta je gidanmu ta faɗa wa Inna abin da ta karanta. Sista Rahila, in wannan ta iso ki, ki yafe min, ki aiko da shaidarki. Ni dai an daina yarda da bakina, kuma ni na jawo.

Yaya, kai ne ka fara saya min littafi, ranar da na ci jarrabawar aji shida, ka ce yarinyar da ke karatu ba ta ɓata. Kai ka goya ni daga bakin kasuwa zuwa gida da ƙaya ta soke ni. Ban ce ka yafe min ba, ban kai nan ba. Ka zo dai. Ka zauna inda Inna za ta ji muryarka, ni in maimaita a gabanka, a gaban matan da suka ji na farko. Ina tsoron ta tafi da kalmar nan a bakinta, ka ƙare rayuwarka a ƙarƙashinta saboda ni.

Ƙyanda ta sake shigowa Sule Tankarkar. Ina bi gida-gida ina cewa sati shida, wasu na dariya, wasu na ji. In sun tambaye ni ina masu gadin suke tafiya, sai in ce yayana ne ya sani, yana can yana nema.

Allah Ya jiƙan Ummi, Ya sa mai ceto ce. Allah Ya ara wa Inna kwana har ta janye abin da ta faɗa da bakinta. Allah Ya ba ka amsar da kake nema, Ya kawo ka gida kafin a aiko maka.

Ƙanwarka da ta yi shiru,
Hadiza
Sule Tankarkar