Hanyar Ruwan da Ka Toshe a Lungunmu

Zuwa ga Yayana da ke Kaduna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Baba yana nan ƙalau, in ban da ciwon gwiwar da ke tasar masa idan hadari ya fara haɗuwa. To, gaisuwa ta ƙare. Abin da ya rage a takardar nan ba mai daɗi ba ne, kuma da gangan na ba da ita a buga a jarida, don takardu biyun da na aiko maka ta hannun direban motar haya ka karanta ka yi gum. Ban sa sunanka ba. Mutanen Kwarbai ba sai an faɗa musu ba.

Ka san lungunmu, wanda ya gangaro daga masallaci zuwa bakin kududdufi. Da damina taɓo ne har ƙwauri. Ku manya kuna da kekuna, sai ku zagaya ta babbar hanya. Mu yara mu ne masu ratsa shi safe da yamma, zuwa boko, zuwa allo, zuwa talla, zuwa aike. Ina da shekara goma sha biyu a lokacin, kai kuwa ka gama jami'a ka samu aikin ofis, kana tafiya da biro biyu a aljihun gaba.

Asabe, 'yar lebura ɗin nan da suka taso daga ƙauye suka kama haya a bayan gidanmu, ita ta fara. Ta zame da farantin ƙosai, ta tashi tana kuka, ta ɗauko dutse ta dasa a daidai inda ta faɗi. Daga nan muka kafa doka a tsakaninmu: duk yaron da zai ratsa lungu sai ya zo da dutse ɗaya. Ranar Alhamis, da yake ba karatun allo, sai mu taru mu jera abin da aka tara. Ba wanda ya sa mu. Matan da ke kulle suka ji labari a bakinmu, suka riƙa miƙo mana fasassun tukwane da ɓaraguzan tubali ta hannun ƙannenmu, wani gidan har da ƙwaryar kunu.

Ka tuna Iya Tabawa, tsohuwa mai daddawa, wadda ɗakinta na ƙasa yake can ƙarshen gangare? Ita ta fito da sandarta ta zana mana layi a taɓo, ta ce, "Nan kada ku sa dutse, ta nan ruwan yake wucewa kududdufi." Muka bar wurin a buɗe, faɗin taku ɗaya, muka ɗora guntayen azara biyu a kai. Wannan damina har tsofaffi sun je masallaci ƙafarsu a bushe.

Sai ka gani, abin ya ba ka sha'awa, ka ce za ka taimaka. Allah ya kiyashe mu da irin taimakonka, Yaya. Ka tara magidanta a zauren Baba, ka kafa kwamiti, ka zama ciyaman, aka naɗa sakatare da mataimakinsa. Mata ba sa shiga taron zaure, wannan kowa ya sani, kuma su ne suka san kwatar kowane gida da inda take zubewa. Mu ne ƙafarsu da bakinsu a waje. Da ka kore mu daga bakin zaure ka ce manya na magana, ba mu kaɗai ka kora ba, har da iyayenmu mata.

Duk da haka na tare ka a soro da yamma, na faɗa maka maganar hanyar ruwa. Na faɗa maka sau biyu. Ka dube ni sama da ƙasa ka ce, "Ke da ko allonki ba ki iya wankewa ba, ke za ki koya mini aikin hanya?" Abokanka suka yi dariya. Kwana uku bayan haka tifa ta juye marmara, aka baje ta tun daga masallaci har bakin kududdufi, aka cire azarar nan aka cike gurbin. Ka kafa allo mai sunan kwamiti a bakin lungu, da fenti kore da fari.

Ruwa mai ƙarfi na farko bayan aikin naka ya sauko bayan la'asar. Ya gangaro bai sami hanya ba, ya taru a gindin bangon Iya. Kafin magariba bangon ya zauna. Da ƙyar ta fito da kwandon daddawarta da carbi a hannu, tana salati, ruwa har cinya.

Washegari a gaban mai unguwa aka tambayi abin da ya jawo haka. Ina tsaye a bayan ƙofa, na ji ka da kunnena. Ka ce duwatsun da yara suka jibge a ƙasa su ne suka toshe ruwa. Ko muryarka ba ta yi rawa ba. Baba ya shigo gida ya zaro bulala, ya dake ni a tsakar gida har Inna ta shiga tsakani, kana tsaye jikin rumbu kana kallon ƙasa. Ita ma Asabe ubanta ya hana ta fita, daga nan ba ta sake komawa boko ba.

Dukan ban riƙe shi sosai ba. Abin da na riƙe shi ne ranar da dangin Iya suka zo da akori-kura su mai da ita ƙauye. Na je in ɗaukar mata tabarma, ta janye hannunta ta ce, "Hauwa, ai na nuna miki wurin." Ta rasu a can tana zaton ni na ci amanarta. Wannan ban yafe maka ba, kuma ba zan yi maka ƙaryar cewa na yafe ba.

Shekara goma sha uku ke nan ina shiru. Ga dalilin da ya sa na buɗe baki yanzu. Marmararka ruwa ya tafi da ita tuntuni, lungu ya koma abin da ya fi na da muni. Yaran ajin da nake koyarwa a firamare, da wata Jummai a gaba, sun shiga gida gida suna tambayar mata, sun zana hanyar ruwan unguwa kaf a littafin rubutu, sun fara yashe kwata. Aikinsu ya fi namu tsari nesa ba kusa ba. Makon jiya dattawa suka hana su. Baba da kansa ya fito yana dogara sanda, ya ce yara sun taɓa kayar da ɗakin tsohuwa a nan, ba za a sake ba. Ka ga ƙaryarka tana nan da ranta, tana aiki. Kuma a gurbin ɗakin Iya yanzu wani mai faskare ne da matarsa da 'ya'ya huɗu, a ginin ƙasa, ga damina a bakin ƙofa.

Na ji ka aiko wa Baba cewa idan ka zo Sallah za ka taho da abokinka injiniya ku duba lungun. Ka bar shi a Kaduna. Ba ma son tifa, ba ma son kwamiti, ba ma son fenti. Na faɗa wa dattawa gaskiya da bakina, suka ce mace ce ke kare kanta. Kai ne za su yarda da kai, yadda suka yarda da kai wancan karon. Ka shiga wannan zauren dai, a gaban Baba da mai unguwa, ka ce, ni na toshe, Hauwa ta faɗa mini na ƙi ji. Sa'an nan ka fita ka bar Jummai ta buɗe littafinta.

Na san za ka iya, shi ya sa nake jin haushi haka. Kai ka koya mini karanta jarida a kan tabarma, kana bin layi da yatsa. Kai ka goya ni a keke har asibiti a Wusasa ranar da na karye a hannu, kana yi mini waƙar banza don in daina kuka. Wannan yayan nake nema. Tun ranar da bangon Iya ya faɗi ban sake ganinsa ba, sai wani mai kama da shi da ke zuwa Sallah ya raba wa yara alewa, ya kasa haɗa ido da ni.

Allah ya jiƙan Iya Tabawa, ya ba ta gidan da ruwa ba ya ci. Allah ya tsare mutanen da ke ƙarshen gangaren nan. Kai kuma Allah ya ba ka ƙarfin faɗin gaskiya tun Baba yana da kunnen ji, domin shi ma yana da haƙƙin sanin wadda ya daka ba ta yi laifi ba. Amin.

Ni ce ƙanwarka,
Hauwa'u, wadda ta sha duka a madadinka.