Wanda Ba a Taɓa Kiran Sunansa Ba

Laraba, da dare. Unguwar Gawon Nama.

Shirin aljannun nan da nake bi a talabijin yau ya ɓata mini rai. Tun farkonsa suke ja mana rai da muryar da ke kiran jarumar daga bayan gida. Yau da magariba muryar ta kira ta, sai kawai ta ce "Na'am", ta fita, aljanin kuma ya tsaya yana yi mata bayanin tarihinsa kamar malamin makaranta. Haba! Wace ɗiya ce aka haifa a ƙasar nan da za ta amsa kira da magariba ba ta ga mai kiran ba? Marubucin ya rasa yadda zai haɗa su ne, sai ya mayar da ita sakarya. Duk tsoron ya zube.

Ina ta mita, Inna kakata tana jan carbi a tabarmarta. Sai ta ce, "Bar shi, Hauwa. Wanda yar rubuta wanga abu, ba a taɓa kiran sunanai ba. Su ba su bayani, muryar wani naka suka ara."

Na yi dariya, na tashi wanke kwanoni.

Ina ɗauraye tukunya na ji Inna ta kira ni daga bayan katanga, a hankali, yadda take yi in tana son ruwa. Har na buɗe baki zan amsa, sai na waiwaya. Inna tana nan kan tabarmarta, carbin ya tsaya a hannunta, tana kallona tana girgiza kai.